Na hannu ko na ƙirji: wace na'ura za ka ƙera in bugun zuciya kake son bincika?

Kusan duk ɗalibin da ya zo min da maganar firojet ɗin na'urar sawa a jiki, da abu ɗaya yake farawa, wai yana so ya haɗa agogo irin na Apple wanda zai auna bugun zuciya da oksijin da zafin jiki da hawan jini duk a lokaci guda, ya tura wa likita ta intanet. Sai in ce masa to malam zauna tukuna, wace tambaya kake son amsawa? Don zaɓin da ke gabanka na farko ba na bod ba ne, ba na Wi-Fi ko Bluetooth ba ne, zaɓi ne tsakanin wuri biyu a jikin mutum, wuyan hannu ko ƙirji, kuma kowanne abin da yake aunawa daban ne ko da a ƙarshe duka lamba ɗaya suke nuna maka, bugu 72 ko 80 a minti.

Na ƙirji ECG yake ɗauka, wato ita kanta wutar da zuciya ke fitarwa duk bugu, 'yar mitsitsiya ce, wajen milibolt 1, kuma akwai wani tsini mai kaifi a jikin zanen da ake kira R wanda shi ke gaya maka daidai lokacin da zuciya ta buga. Na hannu kuwa PPG ne, fitila ce ke haska fata, wata 'yar sensa a gefenta tana karɓar hasken da ya dawo, duk sanda jini ya cika jijiyoyi hasken da ke dawowa ya ragu, in ya wuce ya ƙaru. Ka ga kenan shi ba zuciyar yake ji ba, isowar jini hannu yake gani, kamar wanda ke tsaye a bakin famfo yana ƙirga sau nawa aka buga injin ruwa a can cikin gida. Zanen nasa ma tudu ne mai laushi, ba tsini, shi ya sa in tazarar da ke tsakanin bugu da bugu kake nema, wadda masu bincike ke kira HRV, na ƙirji ya fi shi nesa ba kusa ba. Tun 1996 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka ba da shawarar a riƙa ɗibar awon ECG sau 250 zuwa 500 a daƙiƙa don wannan aikin. Empatica E4, wani na hannu da aka yi ta amfani da shi a bincike, wanda ba na wasa ba ne, PPG ɗinsa sau 64 yake ɗiba a daƙiƙa. In mutum yana kwance shiru ko yana barci za ka iya samun HRV mai ɗan ma'ana daga hannu, amma yana tashi ya fara harkokinsa shi kenan.

Motsi shi ne babban abokin gaban na hannu, kuma abin haushin shi ne motsin hannun mutum da bugun zuciyarsa kusan gudu ɗaya suke, sau 1 zuwa 3 a daƙiƙa, to wace filta za ka sa ta raba su? Ka ɗauki mace tana daka a turmi, ko mai faskare, ko ɗan acaɓa a kan hanya mai gargada, na'urar sai ta kama tashin taɓarya da saukarta ta ce maka bugun zuciya ne, kuma lambar da za ta bayar za ta yi kama da gaskiya, wannan ya fi a ce ta ƙi ba da komai muni. Shi ya sa duk mai haɗa na hannu dole ya sa sensar motsi a ciki, ko dai ya yi amfani da ita ya cire dattin, ko aƙalla ya yi wa wannan lokacin alama ya ce kar a yarda da datar nan. Kamfanoni sun kashe shekaru da maƙudan kuɗi a kan wannan lissafin, kai ba za ka kamo su a zangon karatu ɗaya ba, gara ka san haka tun yanzu.

Sai maganar fata, wadda mu ta fi shafa kuma ita ce ɗalibai suka fi tsallakewa. Agogunan hannu galibi koren haske suke amfani da shi don ya fi jure motsi, amma kore shi ne wanda sinadarin baƙin fata, melanin, ya fi shanyewa, ja da infared sun fi shiga ciki amma sun fi kwasar datti in an motsa. Sakamakon a fata mai duhu siginar tana raguwa, sai ka ƙara wa fitila wuta, batir ya tafi. A ɓangaren oksijin abin ya fi haka nauyi. A Disamban 2020 masu bincike na Jami'ar Michigan suka fitar da sakamako a mujallar likitanci ta NEJM, sun duba marasa lafiyar da na'urar yatsa ta nuna oksijin ɗinsu yana tsakanin 92 da 96, aka gwada da jinin da aka ɗiba daga jijiya, sai aka ga a cikin baƙaƙen fata kashi 11.7 cikin ɗari ainihin oksijin ɗinsu yana ƙasa da 88, a fararen fata kuwa kashi 3.6. Na'urorin asibiti fa ake magana, ba ɗan modul mai arha da ka sayo ba. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2021, ta kuma fitar da daftarin sabbin ƙa'idoji a Janairun 2025 kan a riƙa gwada na'urorin a kan launin fata iri-iri. To kai da duk mutanen da za ka gwada a kansu baƙaƙe ne, ga kuma lalle, musamman baƙin nan da mata ke yi a yatsu, in ka ɗora bincikenka a kan lambar oksijin daga sensar PPG ɗin nan MAX30102 da ka kwafo lambobin lissafinsa daga intanet ba tare da ka daidaita shi da jini ba, gaskiya ba bincike ka yi ba. ECG babu ruwansa da launin fata, wuta wuta ce.

Tun da na ambaci MAX30102 bari in faɗi wani kuskure da nake yawan gani. Fitilu biyu gare shi, ja mai 660 da infared mai 880 nanomita, a yatsa ko kunne yake aikinsa da kyau. Ɗalibi zai gwada a yatsa ya ga zane mai kyau ya yi murna, sai ya ɗaure shi a bayan wuyan hannu ya ga shirme, ya yi zaton waya ce ta tsinke. Babu abin da ya tsinke, wurin ne jijiyoyinsa ba su kai na yatsa ba ga ƙashi ga gashi. In hannu kake so nemi MAX30101 mai koren fitila a ciki, sannan ka yi masa gida da zai danne fata daidai ya kuma hana hasken rana shiga ta gefe, ranarmu ba irin ta Turai ba ce, tana iya cika sensar ta daina ganin komai.

Yanzu kar ka ce na gama yanke hukunci na ƙirji ya ci, don shi ma da nasa, kuma nasa matsalar ta mutane ce ba ta lantarki ba. Ilektirod ɗin nan masu gam da jel da ake liƙawa a asibiti an yi su ne don mai kwance a gado, ka liƙa wa mutum a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato lokacin da zafi ke haura digiri 40, kafin la'asar gumi ya ɗaga gefensu, bayan kwana biyu uku fata ta fara ƙaiƙayi da ja, mutum ya ɓare ya ajiye ba zai ma gaya maka ba don kunya. Mai gashin ƙirji sai an aske, wanda ya shafa basilin gam ba zai kama ba. In ka koma bel na roba mai busassun ilektirod, shi kuma danshi yake so, da hunturu fata ta bushe sai an jiƙa shi da ruwa kafin ya fara kamawa, ga tartsatsin da riga mai santsi ke yi a busasshiyar iska yana shiga sigina. In kuma mata ne mutanen bincikenka, misali kana duba ciwon zuciyar nan da ke kama mata bayan haihuwa wanda an daɗe da sanin yana da yawa a Zariya da Kano da Sakkwato, to dole mace ce za ta ɗaura musu, a ɗaki a rufe, kuma mai shayarwa bel ɗin zai riƙa takura mata, wasu sai maigida ya yarda tukuna. Wannan duk kuɗi ne da lokaci da ya kamata su shiga kasafinka tun farko.

Amma akwai inda na ƙirji ya ci riba wanda ba za ka gani a takardun Turawa ba, alwala. Mutum zai wanke hannu har gwiwar hannu sau 5 a rana ko kusa da haka, na hannu ko dai ya sha ruwa ko a cire shi, in an cire kuma Allah kaɗai ya san ko za a mayar, in an mayar ma ba lallai a ɗaure shi yadda ka ɗaure ba, sai ya yi sako-sako. Gidan da ka buga da firintar 3D ruwa na ratsa shi ta tsakanin layuka, kar ka rubuta IP67, wato alamar ruwa da ƙura ba sa shiga, a rahotonka don kawai ka shafa gam a baki. Na ƙirji yana ƙarƙashin riga, sai wanka kawai ake cire shi. Duk da haka in sati ɗaya ko wata ɗaya kake so mutum ya yi da abu a jikinsa, hannu ne dai, mutane sun saba da agogo. Masu babban binciken lafiya na UK Biobank a Ingila sun sa wa mutum wajen 100,000 sensar motsi ta Axivity AX3 a hannu na kwana 7, da a ƙirji suka ce ba na jin za su samu rabin haka. Kuma ka lura na'urar tasu ba ta tura komai ta iska, ajiyewa take a cikinta, a dawo da ita ta gidan waya a zazzage.

Binciken da Apple suka yi da Jami'ar Stanford, wanda ya fito a 2019, shi ya fi nuna yadda biyun ke zama tare. Mutum sama da 419,000 suka shiga, agogo ya yi wa kashi 0.52 cikin ɗari gargaɗin bugunsu ba daidai yake ba, aka aika musu da ECG na liƙawa a ƙirji, cikin 450 da suka dawo da shi kashi 34 cikin ɗari aka tabbatar suna da rikicewar bugun da ake kira AF. Wato hannu ya yi aikin ɗan gadi mai cewa na ji motsi, ƙirji ne ya je ya duba ko ɓarawo ne ko akuya.

To mu zo kan ƙwaƙwalwar na'urar da rediyonta, nan ma zaɓi biyu ne a aikace, ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, ko nRF52 na Nordic Semiconductor da ke Norway. Kowa ESP32 yake ɗauka don yana da arha, ana samunsa, yana tafiya da Arduino, bidiyon koyarwa ya cika YouTube, ga Wi-Fi ga Bluetooth a guntu ɗaya. Ni ma da shi nake fara gwaji a kan tebur. Amma ka buɗe takardar bayanansa, in yana tura Wi-Fi yana iya jan miliamp 240, sauraro kawai wajen 100, Bluetooth ɗinsa ma ba wani sauƙi. nRF52832 kuwa rediyonsa miliamp 5 da ɗoriya yake ja ko turawa ko karɓa, kuma ɗan lokaci kaɗan yake kunnawa ya koma barci. Yi lissafi da kanka, batir mai 500mAh, in na'ura na jan 100 a tsaka-tsaki awa 5 kenan, ba ta kai daga azahar zuwa isha'i da kyau ba, in tana jan 2 kuwa awa 250, sama da kwana 10. Za a ce maka ai ESP32 yana da barci mai zurfi na maikuroamp 10, e haka ne, amma mai barci ba ya ɗibar ECG sau 250 a daƙiƙa, kuma bod ɗin da ake sayarwa akwai regileta da 'yar fitila da guntun USB da ke ta shan wuta ko shi yana barci. Ga kuma ADC ɗinsa, wato sashen da ke mai da sigina lamba, ba ya tafiya a miƙe musamman a gefe-gefe, rabin ƙafafunsa ma, na ADC2, ba sa aiki in Wi-Fi na kunne. Wahalar nRF52 ita ce koyo, kayan rubuta masa manhaja na Zephyr sai ka zauna ka ba shi makonni, yawanci kuma sai ka yi oda daga waje ka jira, in ya ƙone babu inda za ka ruga ka sayo wani da yamma, don haka ka sayi uku kar ka sayi ɗaya. Akwai ƙananan bod irin XIAO nRF52840 na Seeed da Feather na Adafruit da ke karɓar Arduino, su ne tsakiya mai kyau.

Batir a nan ba maganar jin daɗi ba ce. Duk cajin da ka ɗora wa wanda ya sa na'urar, ka ɗora masa neman wuta, wani sai ya kai shagon mai caji, kuma duk awannin da take can ba ta jikinsa. Batirin lithium ba a son a yi cajinsa sama da digiri 45, ɗakin kwano da rana ya kusa haka. Modul ɗin caji na TP4056 da kowa ke saya a kan amp 1 yake zuwa, ya yi wa ƙaramin batir yawa, sai ka canza masa resista, masu gyaran waya za su yi maka wannan liƙin cikin minti biyu in hannunka na rawa. Kuma don Allah kar a taɓa sa na'urar ECG a caji ko a jona ta da kwamfutar da ke jikin soket alhali ilektirod na ƙirjin mutum, ka ba wutar gida hanya kai tsaye ta kusa da zuciya kenan, ka tsara ta yadda ramin caji ba zai samu ba sai an cire ta daga bel.

Yawan data ma lissafi ne mai sauƙi. ECG layi ɗaya, sau 250 a daƙiƙa, kowane awo bayit 2, bayit 500 kenan a daƙiƙa, wajen megabayit 43 a rana. Sensar motsi mai kusurwa 3 a sau 50 ta ƙara wajen 26. Bluetooth mai ƙarancin wuta, BLE, wanda ya zo da Bluetooth 4.0 a 2010, zai ɗauki wannan ba gumi. Rediyon LoRa da wasu ke sha'awa don yana zuwa kilomitoci ba zai iya ba, 'yan bayit yake kaiwa jefi-jefi, ya dace in taƙaitawa kawai za ka aika, bugu kaza zafi kaza duk minti 10, daga ƙauye zuwa asibitin karamar hukuma. Sai dai BLE waya yake buƙata a kusa, jikin mutum ma kansa yana tare siginar 2.4 GHz, na'ura a ƙirji waya a aljihun baya sai ka ga tana yankewa, ga wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don adana caji, a wasu gidajen kuma wayar ɗaya ce, maigida ya fita da ita kasuwa tun safe. Wani gwaji da na taɓa yi kwana biyu cur na rasa ta wannan hanyar, na'urar na ta aiki wayar ta daɗe da sallamar manhajar. Tun daga nan ra'ayina bai canza ba, a rubuta komai a memorin cikin na'urar, Bluetooth ya zama na leƙawa a ga tana aiki da kuma zazzagewa. Tura data nan take sai in akwai wanda zai zauna yana kallo ya kuma ɗauki mataki, in babu, wahala kawai ka saya. Ka kuma ajiye ɗanyen zanen ba lambar bugu kaɗai ba, ka sa agogon ciki mai kyau, ranar da za ka zo haɗa datar hannu da ta ƙirji ka tarar sun sha bamban da daƙiƙa 40 za ka tuna da ni.

A ɓangaren guntun da zai ɗauko siginar ECG ɗin, AD8232 ya isa farawa, wutarsa maikuroamp 170 ce kacal, amma in da gaske kake MAX30003 ko ADS1292R sun fi don su da kansu suke mai da siginar lamba, na biyun har numfashi yana aunawa. Za ka ga gurnanin wutar gida mai 50 Hz a zanen, filta na cire shi, amma in janareta ake ja gudunsa na hawa da sauka sai gurnanin ya zille wa filtar, ka gwada a inda za a yi aikin ba a lab kaɗai ba.

Akwai kuma tambayar da ba a so in yi, dole ne sai ka ƙera? In kai ɗan injiniya ne na'urar ita ce binciken, to ƙera. In kai likita ne ko ɗan kiwon lafiyar al'umma, amsar da ke jikin mutane kake nema, sayi Polar H10 na ƙasar Finland, bel ne na ƙirji, batirinsa ɗan ƙwandala ne CR2025 da ke kai awa wajen 400, yana ba da tazarar bugu-bugu har da ɗanyen ECG sau 130 a daƙiƙa, an kuma gwada shi da na asibiti a bincike da dama. Ko kai mai ƙerawar ka sayi guda ɗaya ya zama ma'auninka, ka kwatanta su da zanen Bland-Altman mai nuna girman bambancin awon na'urori biyu, kar ka tsaya a cewa lambobin suna tafiya tare. Kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko jami'a, ƙarƙashin ƙa'idojin NHREC, kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, zai tambaye ka tsaron wutar da abin da ke taɓa fata, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu tsauri, don haka sunan mutum kar ya shiga na'urar, lamba kawai.

Ni dai da za a ba ni aikin yau, in tambayar ta shafi tsarin bugu ko HRV ko wani ciwon zuciya, kuma kwana 1 zuwa 3 ya isa, bel ɗin ƙirji zan yi, MAX30003 da nRF52840 da memori a ciki. In tambayar barci ce ko yawan zirga-zirga ko yadda bugun hutu ke sauyawa cikin makonni, misali kafin azumi da cikin azumi, hannu zan je da koren fitila da sensar motsi, in ɗaura wa kaɗan daga cikinsu bel na kwana ɗaya don in san iya kuskurena, in kuma rubuta launin fatar kowa da ma'aunin Monk mai mataki 10, don na Fitzpatrick mai 6 kusan dukkanmu a gida biyu na ƙarshe yake cusa mu. Oksijin kuwa ba zan sa shi a taken firojet ba sai ina da asibitin da zai ɗibar min jini a gwada. Kafin in kai wa kowa kuma zan ɗaura ta a jikina sati guda, in yi alwala da ita, in hau Keke Napep da ita zuwa Sabon Gari, in kwana da ita a daren da babu wuta babu fanka, in buɗe fayil ɗin ranar Asabar in ƙirga awa nawa ne a ciki za su karantu.